Saƙar Hannun Hagu

Na san kuna jiran jin inda aka kwana tsakanina da Mai Awo. To yau ba shi ne mai laifi ba, ni ce. Zan ba ku labarin yadda ya faru ba ragi ba ƙari, in kun gama karantawa ku zage ni, dama na riga ku.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu. Shekara biyu ke nan da na gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa, zaman gida ya ishe ni har na fara gardama da masu labarai a talabijin. Ran nan sai na buɗe garejin Baba, wanda tun da ya sayar da motarsa babu komai a ciki sai tsofaffin tayoyi da buhun siminti biyu da suka daskare. Na share, na shimfiɗa tabarmi, na jawo benci ɗaya, na tara 'yan matan layinmu ƙanana ina koya musu saƙar kwarashi duk Asabar da Lahadi bayan la'asar. Da yara uku muka fara, yanzu su tara ne. Dokokinmu uku ne, na rubuta su a bayan kwali na manna a bango: a wanke hannu kafin a taɓa ulu, ba a yi wa aikin wata dariya, kuma wadda ta yi kuskure ita za ta warware abinta da hannunta.

Shi kuwa Mai Awo, mai nemana ne, har manya sun shiga maganar. Awon filaye yake yi, kuma aikin ya bi jikinsa. Mutum ne da in ka ce masa "ya gajiya" sai ya ɗan yi tunani kafin ya ba ka amsa. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, ko da yake saƙonninsa kamar takardar asibiti suke, gajeru kuma babu kwalliya.

Matsalar ta taso ne da Yaya ya sayi mota. Baba ya kira ni ya ce ƙarshen wata garejin zai koma aikinsa na asali. Mama har da gyara zama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Mace tana shirin aure, amma kullum tana cikin yara da zare kamar mage. Dangin miji su zo su ga me?"

"Su ga ina koyarwa, Mama."

"Su ga kina wasa dai."

Na tashi na bar mata ɗakin, don na san in na ci gaba sai an kira Baba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. In garejin ya tafi ban sami wani wuri ba, ƙungiyar ta watse, kuma a cikin yaran akwai wadda ba ta da wani wurin zuwa.

Bahaguwa muke ce mata. Shekararta goma sha ɗaya, siririya, ba ta da yawan magana, tana zaune da kakarta a bayan layinmu. Da hagu Allah ya yi ta, amma Kaka ba ta yarda ba. Ta miƙa abu da hagu a buge hannun, ta ɗauki tsintsiya da hagu a buge, a makaranta ma da dama take rubutu, rubutun kamar kaza ta taka tawada. Ranar da ta fara zuwa ta riƙe kwarashi da dama, ya faɗi ya fi sau goma. Sai na lura duk faɗuwar da zai yi, hannun hagunta ne ke riga zuwa ɗauka, sannan ta yi sauri ta mayar dama tana satar kallona.

Na ce, "Riƙe da wancan hannun."

Ta ce, "Za a yi mini faɗa."

Na ce, "Nan gareji ne, ni ce mai faɗan, kuma ban yi ba."

Sauran yaran a gefena suke zama su kwaikwayi hannuna. Ita kuwa sai na zaunar da ita a gabana, gwiwa da gwiwa, na ce ta ɗauke ni madubi: abin da damana ya yi, hagunta ya yi. Mako uku muka yi a haka kafin ta fitar da sarƙa mai tsawon kamu ɗaya. Tun daga ranar take riga kowa zuwa, kafin in fito ta share garejin ta jera tabarmi. Saƙarta dai ba ta kai ta sauran kyau ba. Tana matse zare kamar za a ƙwace mata, sai aikin ya tsuke, kusurwoyin su naɗe sama. Sannan idon saƙarta yana kwantawa ne ta ɓarin da ba na kowa ba, kamar yadda saƙar duk wani bahago take.

Da na gaya wa Mai Awo maganar gareji, sai bayan awa biyu ya turo:

"Akwai ɗaki a ƙofar gidan Hajiya. Da shagon tela ne. Taku biyar da huɗu."

Na rubuta: "Kana nufin za ta ba mu?"

"Na yi mata magana. Ta ce sai ta ga aikinku. Asabar."

"Wace Asabar?"

"Wannan."

Na jefar da wayar a kan gado na tashi tsaye. Hajiyarsa fa, mahaifiyarsa. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ta amsa gaisuwata, ta cikin gilashin idonta ta kalle ni tun daga ɗankwali har takalmi. Kuma ya taɓa ce mini ta yi shekara talatin tana saƙa kafin idonta ya yi rauni.

Abin da za mu nuna mata guda ɗaya ne, bargon da muka yi wata biyu muna haɗawa. Kowace yarinya ta saƙa ƙyalle bakwai masu kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu, da launin da ta zaɓa. Sittin da uku ke nan, saura in haɗa su wuri guda. Ranar Alhamis na jera su a kan gadon Mama don in ga yadda za su zauna. Na kowa ya kwanta lafiya, sai bakwai ɗin Bahaguwa masu shuɗi da ruwan ƙwai. Sun fi sauran ƙanƙanta da kusan yatsa guda, duk inda na sa ɗaya sai layin ya karkace.

Mama ta shigo ɗaukar mayafi, ta tsaya a kaina.

"Wannan za ki nuna wa surukarki?"

"In na haɗa zai miƙe."

"Ba zai miƙe ba. Matar nan ido gare ta, abin da ta gani a bargon nan shi za ta ɗauka gidanki zai zama. Ki cire na yarinyar nan kawai."

"In na cire bai cika ba, Mama."

"To ke kika sani. Ni dai kada ki jawo mini magana."

Ba zan ɗora wa Mama ba. Ita cewa ta yi in cire, abin da na yi kuma ni na ƙirƙiro shi. Da safiyar Juma'a, bayan ta fita dubiya, na kulle ɗakina na zauna da ƙyallayen bakwai a cinya. Babu sauran ulu mai launin nan, don haka na nemo bakin zaren na farko na ja. Wanda bai taɓa warware saƙa ba bai san yadda take da sauƙi ba. Abin da yarinya ta yi mako guda tana yi, minti biyu ya koma tulin zare mai lanƙwasa. Na tafasa ruwa a buta na tara zaren a kan tururi har ya miƙe, na naɗe, na sake saƙa su da hannuna, daidai wa daida da na sauran. Ina yi ina ce wa kaina launi ɗaya ne, zare ɗaya ne, ba za ta gane ba, kuma ai don ita nake neman ɗakin. Kafin la'asar na gama haɗa bargon. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, har Mama da ta dawo ta shafa shi ta ce, "To yanzu kika yi magana."

Ranar Asabar na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda Mai Awo ya taɓa cewa "ba laifi", wanda a bakinsa yabo ne babba. Na yafa farin mayafi, na shafa hoda sama-sama. Mama ta aiko da kujerar falo aka kai gareji, har da ƙaramin tebur da ruwan sanyi a faranti. Yaran suka zo cikin wanka, kowa da kwarashinta a hannu. Bahaguwa ta zo da rigar da ta yi mata yawa a kafaɗa, da alama ta aro ce, ta share garejin sau biyu.

Mai Awo ya kawo Hajiya ƙarfe huɗu da rabi daidai, ya tsaya daga waje jikin mota. Ta shigo a hankali da jakarta a hannu, na durƙusa na gaishe ta, yaran suka gaishe ta baki ɗaya kamar a aji.

"Sannunku. Ina aikin?"

Na buɗe bargon, ni da wata yarinya da muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Hajiya ta sa muka ɗora mata a cinya. Ta canza gilashi, ta fara bin ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana juya bayansu, tana kawo su kusa da ido. Ta daɗe tana yi. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko, kamar mai neman ɗan kunne a cikin shara. Ni dai ina tsaye ina murmushi.

"Kowa ta nuna mini nata," ta ce.

Rediyo ta riga kowa. "Hajiya, jajayen nan duk nawa ne, wannan na yi shi ranar da aka ɗauke wuta, wannan kuma sau uku Anti ta sa na warware, ni da hannuna, don doka ce."

Hajiya ta ce, "Doka ce?"

"Ga ta can a bango. Ba mai taɓa aikin wata."

Sauran suka bi layi, kowa na nuna launinta. Bahaguwa ce ta ƙarshe. Ta matso da murmushinta, ta kai hannu kan shuɗin farko, sai hannun ya tsaya. Ta koma kan na biyu, ta ja shi kaɗan, ta duba kusurwar. Ta bi duka bakwai ɗin. Sannan ta janye hannunta ta ɓoye shi a bayanta, ta ɗago ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Ke fa, 'yata?" in ji Hajiya. "Wanne ne naki?"

Ta ce, "Ni shara nake yi musu."

Rediyo ta buɗe baki, na harare ta ta rufe. Hajiya ta kalli yarinyar, ta kalle ni, ta ninke bargon ta miƙo mini.

"Aiki ya yi tsafta," ta ce. "Za ki ji daga gare ni."

Ko ruwan ba ta sha ba. Mama da ke leƙe ta taga ta ce wannan alamar nasara ce, manyan mata ba sa yabo a gaban mutum. Ni dai ban yarda ba. Kafin in raka Hajiya mota in dawo, Bahaguwa ta tafi.

Ranar Lahadi na fito na tarar da garejin ba a share ba. Yara takwas suka zo, aka yi saƙa shiru, har Rediyo. Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Anti, ni ma kin gyara nawa?"

"A'a."

"To," ta ce, amma sai da ta ɗauki bargon ta duba jajayen.

Bayan sun watse Mai Awo ya turo saƙo: "Ina waje." Na fita na same shi tsaye jikin katanga da takalmansa masu ƙura, daga wurin aiki yake. Muka gaisa.

"Hajiya ta ce in tambaye ki abu ɗaya."

"Ina ji."

"Ina saƙar yarinyar nan mai hagu?"

Na ce, "Wa ya gaya mata akwai mai hagu?"

"Ni. Ke kika ba ni labari, yadda kika zaunar da ita a gabanki mako uku. Na gaya wa Hajiya. Da farko ta ce ba ta son hayaniyar yara a ƙofar gida. Da ta ji wannan ne ta ce za ta zo." Ya gyara tsayuwa. "Ta ce masu iya saƙa suna da yawa, mai haƙurin koyarwa ne babu. Saƙar yarinyar ta zo gani. Ta duba sittin da uku, duk na dama ne."

Jama'a, kun ji fa. Garin neman gira na rasa ido. Na gaya masa komai, da butar da tururin, ban rage ba. Ya saurara bai katse ni ba, kuma bai ce "ba komai" ba, don shi ba ya faɗin abin da bai auna ba.

"Saboda Hajiya kika yi?"

"Saboda tsoro na yi."

Ya gyaɗa kai. "Ba ki kyauta ba."

"Na sani."

"Ta ce makulli yana nan. Ki kai mata yarinyar ranar Laraba da saƙarta ta asali, ta gani da idonta. In ba haka ba, ta ce ɗakin ya zauna a rufe."

"Babu ta asalin. Zaren na warware na sake amfani da shi."

Ya ce, "To ta yi sabuwa. Kwana uku ne." Ya buɗe mota, sai ya juyo. "Ni ban canza ba. Amma ki je wurin yarinyar, ba don ɗaki ba."

Da na koma ciki Mama ta tare ni da tambaya, na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Wai karkatacciyar saƙar ta zo gani? Ikon Allah. To sai ki je ki lallashi yarinyar, ai yaro ne, alawa biyu ta manta."

Ban saya mata alawa ba. Ranar Litinin da safe na shiga kasuwa na zaga shago huɗu har na samo ulu shuɗi da ruwan ƙwai, ba daidai da na da ba amma kusa. Da aka taso daga makaranta na nufi gidan Kaka. Gida ne mai ɗaki biyu da tsakar gida ƙarami, igiyar shanya ta raba shi biyu. Na yi sallama, Kaka ta amsa daga kan tabarma tana tsintar wake a tire.

"A'a, Malama ce? Shigo, shigo. Ai ina ta so in aika a yi miki godiya."

"Godiyar me, Kaka?"

"Abin da na yi shekaru ina fama, kin yi mini shi a rana ɗaya. Tun shekaranjiya yarinyar nan ba ta ƙara taɓa komai da hagu ba. Ita da kanta, ban ce mata uffan ba. Allah ya yi miki albarka."

Ban iya cewa amin ba. Na waiga, sai ga ta a bakin ƙofar ɗaki, zaune a kan turmi da aka kife, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Kwarashin yana hannunta na dama. Hagun ta zauna a kansa, ta danne shi a ƙarƙashin cinya, sai ta naɗe zaren a babban yatsan ƙafarta don ya tsaya. Na durƙusa a gabanta, gwiwa da gwiwa, na ajiye ledar ulun a tsakaninmu.

"Na yi miki laifi," na ce. "Ni na warware, ba don ba ki iya ba, don na ji tsoro ne. Ki yafe mini."

"Ba komai, Anti."

"Da komai. Hajiyar nan saƙarki ta zo gani, ta hagu. Tana so ki sake yin ko guda ɗaya, yadda kika saba."

Ta girgiza kai, ba ta ko kalli ledar ba. "Na daina waccan. Waccan sai an gyara."

Kwarashin ya suɓuce ya faɗi a ƙasa tsakaninmu. Na zuba wa cinyarta ido ina jiran hagun ya fito ya ɗauka kamar da. Bai motsa ba. Ta sunkuya ta ɗauka da dama, ta kaɗe ƙurar a jikin riga, sannan ta ɗago 'yar sarƙar da ta yi kwana biyu tana yi, ido shida ne kacal, wani sako-sako wani a ƙulle. Ta miƙo mini ita har saitin fuskata.

"Duba, Anti," ta ce. "Wannan in na iya, za ki bar mini shi a cikin bargon?"